Tabawa da Abin Ramin Yumɓu

Ga ta nan, ga ta nanku, ku matso kusa da ni.

Ta zo mu ji ta, Kaka.

Wata yarinya ce, sunanta Tabawa, 'yar wata maginiyar tukwane. Uwarta ta gina wata ƙatuwar randa, ta ajiye ta a inuwa don ta bushe. Sai ciwo ya kwantar da ita. Randa ba ta gama bushewa ba Allah ya yi wa uwar cikawa.

Ita kuwa Tabawa akwai garaje, kamar wasu da ke zaune nan gabana. Ta ƙagu mutane su ga aikin uwarta na ƙarshe. Sai ta ɗauko randa da sauran danshinta, ta tara kara da ciyawa, ta cinna wuta. Wuta na kamawa sai aka ji tau. Randa ta tarwatse.

Sai Tabawa ta tsince tsingaron, fasassun randar ke nan, ta ƙulle a zane, ta goya a baya. Da shi take kwana, da shi take tashi. Ba ta da buri a duniya sai ta gina randa irin ta uwarta. Amma kunya ta hana ta bin sauran magina ɗibar yumɓu da safe. Sai ta tafi rana tsaka, ita kaɗai. Kun san kuwa ba a zuwa ramin yumɓu rana tsaka.

Ta sauka rami. Sai tsuntsaye suka yi tsit. Sai ta ji muryar uwarta daga cikin taɓo tana waƙa:

"Tabawa, Tabawa, ina randata?
Na bar ta a inuwa, wa ya kai ta wuta?"

Ta waiwaya. Ga wani abu nan kamar kwaɗo, ba ido, ba hanci, sai baki kamar bakin tulu. Tabawa ta ce, "Ni ce, Inna. Da na sani da ban yi ba." Sai abin ya lashe baki. Ta watsar da kwando ta gudu. Da ta isa gida sai ta ga ƙaramin yatsanta na dama ya ƙandare, ya zama gasasshen yumɓu.

Mai hankali zai koma? To ta koma, don tana son yumɓu, kuma tana kewar muryar nan. Wannan karon abin ya kai girman akuya. Ya yi waƙarsa. Ta fashe da kuka, ta sake cewa da ta sani. Sai ya lashe baki. Sai hannun dama ya ƙandare har gwiwar hannu, in ta ƙwanƙwasa shi ƙara yake yi.

Tsoro ya kai ta wurin Gwaggo Yelwa, wata tsohuwar maginiya, ƙawar uwarta. Tsohuwa ta duba hannu, ta duba goyo, ta tambaye ta ko yaushe za a yaye wannan jaririn. Tabawa ta ba ta labari duka. Tsohuwa ta ce ai wannan ba uwarta ba ce, wani abu ne da ke ƙiba da nadamar mutane, in ya gama da hannuwa sai ya koma kan ƙirji.

Ta ce, "'Yar nan, tukwanen da uwarki ta fasa sun fi gashin kanki yawa. Kin taɓa ganin ta goya ɗaya? Dakawa take yi, ta zuba garin cikin sabon yumɓu. Shi ke sa tukunya ta jure wuta. Hannu ɗaya ya rage miki, ki san abin da za ki yi da shi."

Sai Tabawa ta ɗauki ƙaramin turmi da taɓarya, ta koma rami. Abin ya kai girman rumbu, ya tare rana. Ta juya masa baya. Ta kwance goyo, ta juye tsingaro cikin turmi. Wannan ne kaɗai abin da ya rage mata na hannun uwarta. Sai ta ɗaga taɓarya da hagu, ta fara daka.

Abin ya yi waƙa. Ba ta amsa ba. Ya matso. Ta ji numfashinsa mai sanyi a wuyanta, yana warin taɓo. Ya sassauta murya, sak ta uwarta ranar da ta kwanta ciwo, ya ce, "Ba ki tausayina, Tabawa? Ki faɗi abin da kika saba faɗa."

Maganar ta zo mata har baki. Ta haɗiye ta. Ta ce, "Ni na fasa randar, ba na musu. Wata zan gina."

Sai ta ji ƙas a bayanta. Ta ci gaba da daka, abin yana tsagewa. Ta haƙo yumɓu, ta zuba gari, ta hau kwaɓi. Hagu ta gaji, sai ta tura ƙandararren hannun ciki. Tana murzawa yana laushi. Da ta waiwaya ba ta ga kome ba sai tarin busasshen taɓo.

Ta koma gida ta gina randa. Ta ajiye ta a inuwa, ta yi ta jira har maƙwabta suka fara yi mata tsiya. Sai da Gwaggo Yelwa ta shafa ta ce ta bushe, sannan ta kai ta wuta. Ta tsaya bakin wutar tana jiran ta ji tau. Wuta ta ci ta mutu. Randa ta fito ja wur, ko tsaga babu. Tabawa ta rungume ta da sauran ɗuminta, ta yi kukan da ba ta yi ba ranar jana'iza.

Ƙaramin yatsan dai bai koma nama ba har ta tsufa, amma bai hana ta gini ba.

Ƙurunƙus, ga kan kusu nan na ajiye muku. Wanda ya yi ɓarna ya amsa tasa ce, ya tashi ya kama aikin gabansa. Ku tashi ku kwanta, kuma kada in ji wani ya nufi rami rana tsaka.