Magaryar Bushiya

Maƙwabciyata Ladidi, wadda ke amsa mini tatsuniya ta kan katanga, ba ta nan. Yau ku za ku amsa. Ga ta nan, ga ta nanku, jikokina.

Ta zo mu ji ta, Kaka.

Bushiya ce ta tono 'yar magarya a daji, ta dasa a lambunta. Da 'ya'yan suka nuna, sai ta tare a gindin tana gadi, ta dunƙule, tana juyi. Takan ji faɗuwarsu, amma in ta buɗe ido, ƙasa wayam.

Ta tafi wurin maƙwabcinta. "Malam Kurege, bakinka na ƙanshin magarya."

"Haba maƙwabciya, gyaɗa na ci."

"Kowa ya san halinka."

"To, juyo in ga bayanki."

"In juya ka faɗa mini lambu? Na ƙi."

Kurege ya kwashe kayansa ya bar unguwar. Sai ranar da Bushiya ta je rafi ta ga kanta a ruwa. Ashe magaryar duk tana soke a ƙayoyin bayanta. Ta bi sawunsa, ba ta same shi ba.

Ƙurunƙus, nan kan ɓera ya tsaya.

Ni ma shekara biyu ina zargin Ladidi da tsinke mini magarya, ina amsa gaisuwarta ciki-ciki. Da ganyen magaryar nan muka yi mata wanka, kuma har yau 'ya'yan na ɓacewa. Allah ya jiƙanta, ya sa ta yafe mini. Ku ce amin.