Cinikin Wutsiyar Zomo

Ga ta nan, ga ta nanku.

Ta zo mu ji ta, in ta gaji mu shimfiɗa mata tabarma.

To, ku gyara zama. Wannan daga bakin Innata na ɗauko ta, Allah ya kai haske kabarinta. In kun ji ta karkace, bakina ne ya karkatar da ita.

A can wani zamani, Zomo yana da wutsiya. Ku bar duban ɗan curin audugar nan da yake yawo da shi yanzu. Wutsiya ce doguwa, fara sol, in ya shiga kasuwa sai ya gama gaisawa da masu daddawa kafin ƙarshenta ya baro ƙofar gari.

Sana'arsa tufka. Shi ne ɗan kwangilar igiya na garin Bakin Kanya, inda Magajiya Giwa take mulki. Igiyar gugan rijiyar gari, shi. Igiyar ɗaurin jinkar zauren shawara, shi. Ɗan kwangilar gari kuwa ba ya noma. Duk kaka, harawar gandun gari tasa ce, ya ci ya yi gyatsa har damina ta zagayo. Zomo kuma ko inuwar fartanya ba ya son gani. Ku raba shi da kwangilar nan, kun kashe shi da ransa.

A tsallaken kogi akwai wata ƙasa, sarkinta Kada. Sunansa Kada, dokarsa kada. Kada a yi tari yana magana. Kada a yi dariya yana hamma. Kada a ce masa a'a. Wanda ya karya, a ɗaure shi a gindin giginya, rana ta gasa shi, da la'asar sarki ya haɗiye. Ƙasar da ake ɗauri kullum kuwa, igiya ba ta isarta. Sai Zomo ya riƙa kai musu, su kuma su ba shi raken fadamarsu, mai zaƙi har cikin kunne.

Ana nan, ana nan, ran nan da hantsi sai ga wata Gada ta fito daga ruwa tana rawar sanyi, da guntun igiya a wuyanta. Aka taru, aka kai ta gaban Giwa.

Giwa ta ce, "Baiwar Allah, daga ina?"

Gada ta ce, "Daga tsallake, ranki ya daɗe. 'Yata ce ta yi atishawa sarki yana jawabi. Aka ɗaure mu da igiya ɗaya. Tun safe nake tauna wajen wuyana don in kwance ta. Kafin in gama, la'asar ta yi."

Ta shafa guntun igiyar ta ce, "Igiyar tana da ƙwari. Wanda ya tufka ta ya iya aikinsa."

Kowa ya juya ya dubi Zomo. Zomo ya dubi sama, wai yana duba ko hadari zai taso.

Giwa ta buga ƙafa har kanya ta zubo. Ta ce, "Ku ji, ku gaya wa wanda bai ji ba. Daga yau, duk wanda ya sa hannu a ciniki da Kada, babu shi babu kwangilar gari."

Zomo ne ya fara tsalle. "Gaskiya ne, uwar gari! Azzalumi! La'ananne! Ni dama tuni raina ba ya son ciniki da shi, kunya ce ta yi mini yawa."

Kwana ɗaya ba rake. Kwana biyu ba rake. A na uku Zomo ya kwanta a inuwa, bakinsa salam. Ya juya nan, harawa. Ya juya can, rake. Ya juya nan, harawa. Ya juya can, rake. Sai ya riƙa maimaita dokar kamar mai bitar karatu: "Duk wanda ya sa hannu. Ya sa hannu. Hannu."

Ya dubi hannuwansa. Ya waiwaya ya dubi wutsiyarsa tana kwance tana shan iska.

Ya ce, "Ke, tashi. Tun da aka haife mu kike bina ba sana'a. Yau kin samu."

Ya nufi bakin kogi, inda yake jiƙa rama. Ya rataya naɗin igiya a wutsiya, ya juya wa ruwa baya, ya rungume hannuwansa a ƙirji. Ba a jima ba ruwa ya dare, idanun Kada suka ɓullo.

Kada ya ce, "Zomo, kwana uku ina ka shiga? Ina da masu tari goma sha, ba abin ɗauri."

Zomo bai waiwaya ba. Ya dubi wani marke da ke gabansa ya ce, "Ke bishiya, bari in ba ki labari, tunda ni ba na magana da azzalumai. An ce akwai wata 'yar kasuwa, sunanta Wutsiya. Ba ta da baki. In an taya kayanta ta ɗaga sama, albarka ke nan, ba ta sayar ba. In ta kwanta ƙasa, ta sallama."

Kada ya yi murmushi, haƙora suka jeru kamar turakun shinge. Ya ce, "Uwargida Wutsiya, rake dami ɗaya."

Wutsiya ta ɗaga.

"Da ƙunshin dankali a kai."

Wutsiya ta kwanta.

Kada ya zare igiya, ya rataya rake. Zomo ya ja abinsa zuwa gida yana gaishe da mutane da hannu biyu, don kowa ya ga ba komai a cikinsu.

Kullum haka, kullum haka. Wutsiya ta ɗaga, wutsiya ta kwanta, Zomo ya yi kumatu.

Ashe Gada tana zuwa bakin kogin duk safiya. Takan tsaya a bayan ciyawa ta zuba wa tsallake ido. Ba ta kuka. Kallon ruwa kawai take yi, yana wucewa, yana wucewa, kamar wata rana zai yi kuskure ya dawo mata da wani abu. A nan ta ga Wutsiya tana ciniki. Ta gani rana ɗaya ta ce ko idonta ne. Ta gani rana ta biyu, ta tafi wurin Giwa.

Aka kira Zomo. Aka aika a kira alƙali, Malam Kunkuru. An aika da hantsi, ya iso bayan azahar, ya ce a yi haƙuri, sauri ya sa ya manto carbinsa.

Kunkuru ya ce, "Zomo, an ce kana ciniki da Kada."

"Ni? Allah ya gafarta Malam, ga hannuna. A shinshina."

Gada ta ce, "Da idona na ga wutsiyarka."

Zomo ya ce, "Yawwa! Kin faɗi gaskiya, 'yar'uwa. Wutsiya kika gani. Malam, wannan matar maƙwabciyata ce kawai. Ni ina gaba, ita tana baya. Tun da nake ban taɓa ganin fuskarta ba. In na yi gabas ta dubi yamma. Kasuwancinta daban, nawa daban."

Giwa ta ce, "Raken fa, wa yake sha?"

"Ranki ya daɗe, maƙwabciya ta kawo maka abu ka ƙi karɓa? Ai ba tarbiyya ba ce."

Kunkuru ya ce, "Magajiya, me kika ce a dokar?"

Giwa ta yi tsaki. "Hannu na ce."

Zomo ya ce, "Allah ya ƙara miki lafiya. Hannu."

Kunkuru ya mayar da kai cikin ƙoƙonsa. Aka jira. Wasu suka je suka sha ruwa suka dawo. Can ya leƙo ya ce, "Zomo ya yi gaskiya. Ba shi da laifi, kwangila tasa ce."

Zomo ya fara taka rawa.

Kunkuru ya ci gaba, "Amma ita maƙwabciyar, ta yi ciniki da azzalumi. Ba ta ba shiga wurin aikin gari. A kewaye majiƙar rama da darni. Zomo a ciki, Wutsiya a waje. Gada ta zauna ta ga an bi hukunci."

Rawa ta tsaya.

Kashegari aka kafa darnin kara a bakin kogi. Zomo ya shiga, aka zura wutsiyarsa ta tsakanin karare. Giwa ce ta zura da kanta, ita kuwa Giwa ba ta iya sunkuyawa sosai ba, sai ta bi da ita ta saman tanka, wato sandar da ake gittawa a ɗaure darni. Wutsiya ta tsaya cak a waje, tana kallon sama. Zomo ya zauna a takure yana murza rama a cinya, Gada tana gabansa tana tuƙa.

Rana ta take, sai ruwa ya dare.

Kada ya rarrafo gindin darni. Ya ga Wutsiya ita kaɗai, ba Zomo. Ya ce, "Uwargida, yau ke ce da kanki? Madalla. Igiya nake so, mai yawa. Jiya wani ya yi mafarkin na mutu, ban san ko wane ne ba, zan ɗaure unguwar duka. Rake dami ɗaya."

Wutsiya tana sama.

A cikin darni Zomo ya ji komai. Ya yunƙura ya kwantar da ita, tanka ta tokare. Ya buɗe baki zai yi magana, ya ga idon Gada a kansa. Ya rufe.

Kada ya ce, "Albarka? To, da dankali."

Wutsiya tana sama.

Zomo ya matse, ya murguɗa, ya yi nishi.

Gada ta ce, "Malam Zomo, lafiya?"

"Ramar ce ta yi tauri, 'yar'uwa."

A waje muryar Kada ta yi sanyi, irin sanyin da mutanen tsallake suka sani. Ya ce, "Rabin fadamar. Ki yi tunani kafin ki amsa."

Iska ta ɗan kaɗo. Wutsiya ta yi rangaji hagu, ta yi rangaji dama, ta koma ta miƙe.

Kada ya ce, "Ni? Ni ake ce wa albarka sau uku?"

Gaf!

Zomo ya yi tsallen da ya wuce darni, ya wuce marke, ya dira yana dafe da baya. Gada ta ce, "Me ya faru?"

Hawaye na zuba ya ce, "Ba komai. Maƙwabciyata ce Allah ya yi wa rasuwa."

Kafin ya isa zaure, ciwon yana baya, dabara tana gaba. Ya faɗi gaban Giwa yana birgima. "Wayyo uwar gari! Wutsiya ta tuba, ta yi mutuwar jarumai! Sau uku azzalumi yana taya ta, har da rabin fadama, sau uku tana ce masa albarka. A garin nan wa ya taɓa ce wa Kada a'a ko sau ɗaya? A tambayi Gada, tana wurin."

Giwa ta ce, "Gada, haka ne?"

Gada ba ta iya ƙarya ba. Ta ce, "Sau uku na ji ya taya, sau uku ba a sallama ba."

Sai gari ya ɗauki salati. Aka bar wa Zomo kwangilarsa, aka ƙara masa da ta igiyar shanya. Kwana uku ana zuwa masa ta'aziyya, yana karɓar gaisuwa a tsaye don zama ya gagara, yana cewa, "Sai haƙuri, mace ce mai kamun kai."

Gada ma ta zo. Ta daɗe tana duban ɗan guntun da ya rage. Ta ce, "Allah ya jiƙanta. A wurin Kada kullum haka ne, marar baki ake ci."

Zomo ya ce amin, bai ɗago ba.

Ran sadakar bakwai Malam Kunkuru ya iso, ya ce ya gyara doka, ba sauran kafa. Ya karanta a hankali: "Duk wanda ya sa hannu, ko ƙafa, ko baki, ko wutsiya."

Zomo ya ce, "Allah ya gafarta Malam, shi ke nan?"

"Shi ke nan."

Zomo ya yi godiya, ya fita. A bakin zaure ya tsaya, ya ɗaga kunnen dama, ya kwantar. Ya ɗaga na hagu, ya kwantar. Ya ce, "Ku biyu, tun da aka haife mu kuke zaune a kaina ba sana'a."

Ƙurunƙus, kan guntun bindi. Darasinta kuwa, in za ku yi ciniki da azzalumi, ku fara duba jikinku da kyau, ku tura abin da kuke da guda biyu.