Mai Lambun Mangwaro da Tsaninsa

Akwai wani mutum mai babban lambun mangwaro a bakin rafi. Wata rana ya sa aka yi shela, kowa ya zo ya sha kyauta. Sharaɗi ɗaya ne: abin da ka tsinka a ciki za ka shanye, ko ƙwallo ba a fita da shi. Ya kuma ajiye makaɗi a ƙofa. Wanda ya fi kowa hawa sama, sai a kaɗa masa kalangu, a kira sunansa har da na kakansa.

A garin kuwa akwai wani manomi, gwanin hawan itace. Ranar farko ya sha na ƙasa-ƙasa, ya ji daɗi. Kashegari ya tarar an sare rassan ƙasa. Ya ce ba komai, ya rungumi itacen. Haka ya yi ta yi kullum, ƙirjinsa ya ɗaɗɗaye, cinnaku suka saba da shi. Maƙwabta suna sharar gona, shi yana lambu.

Bayan kwana arba'in ya kai reshen da bai taɓa kaiwa ba. Da ya ɗaga kai sai ya ga ƙafafun mutum suna lilo. Wani mai tumbi ne, wanda jiya-jiya ya fara zuwa. Ga dogon tsani jingine a bayan itacen.

Mai tumbin ya ce, "Sannu da ƙoƙari. Miƙo mini wancan jan mana, tunda ka iso."

Manomin ya sauko da fushi, ya sami mai lambu, ya ce, "Ranka ya daɗe, wannan ba adalci ba ne. Kwana arba'in ina hawa, shi ko gumi bai yi ba, amma shi ake yi wa kiɗa."

Mai lambu ya amsa, "Abokina, na karɓi ko kwabo a hannunka? Tsani nake sayarwa, ban hana kowa saya ba. Amma don Allah kada ka daina zuwa. In ba su ga irinku kuna fama ba, wa zai sayi tsanina?"

Manomin ya koma gida, ya ɗauko tulun da matarsa ta adana irin gyaɗa a ciki. Ta ce, "Maigida, hadari ya fara haɗuwa fa. Me za mu shuka?"

Ya ce, "Sau ɗaya kawai za a kaɗa mini, in huta."

Ya sayar da irin, ya sayi tsani. Aka kaɗa masa kwana uku. A rana ta huɗu aka kawo tsani da ya fi nasa tsawo, kiɗa ya koma kan wani. Ruwa ya sauka, mako biyu suka wuce, shi yana can yana neman ƙwato kiɗansa. Wata safiya daga ƙwanƙolin itacen ya hango gonakin gari, duk sun yi kore shar, sai wani fili ja guda ɗaya a tsakiya. Ya daɗe yana tausayin mai gonar kafin ya gane tsamiyar da ke gefenta, ashe gonarsa ce.

To, ga ma'anar misalin, ku buɗe kunne. Lambun shi ne wasan nan na waya da aka ce muku kyauta ne. Kada ku zaci ban san shi ba. A duk ƙungiyar matasan cocin nan ba wanda ya taɓa cinye ni, Habila yana nan, ku tambaye shi, har kuka ya yi. Wata takwas ina tara taurari a wasan, wani yaro ya saye su da katin bankin babansa kafin shayi ya huce.

Sayar da tsani ba zunubi ba ne, waɗanda suka ƙera wasa su ma suna cin tuwo. Amma wanda ya sare rassan ƙasa da gangan don ka gaji ka saya, mudunsa na algus ne, Ubangiji kuwa yana ganinsa.

Mu fa? Irin da ke cikin tulu shi ne kwanakin da Allah ya ba ka, da ƙarfin jikinka, da ɗan abin da ke aljihunka. Yi wasa in ka gama noma, ba wanda ya hana. Amma ranar da ka ji zuciyarka ta ce "sau ɗaya kawai", ka kife wayar, ka je ka duba ko gida akwai abin shukawa.