Sai Jariri Ya Amsa

Malam Sallau limamin unguwa ne, kuma yana da ɗan kamfanin da ke ja wa mutane intanet da arha. Da ya gaji da aron lambobin da na'urori ke shiga intanet da su, sai ya je ofishin rabon lambobin neman nasa.

Shugaban ofishin, Alhaji Barau, maƙwabcinsa ne. Ya ce, "Nuna mini gida dubu da ke aiki da lambobinka, sannan in ba ka."

"Ranka ya daɗe, ai ba ni da lambobin tukuna."

"Doka ce, Malam."

Ba a jima ba aka yi wa Alhaji jika. Ran suna, rago na ɗaure, jama'a sun cika ƙofar gida. Alhaji ya sunkuyo wajen Malam, wanda zai raɗa sunan, ya ce, "Haruna za a sa."

Malam ya gyara zama. "To, a kira shi. In ya amsa, sai in raɗa masa."

"Haba Malam! Yaron da ba shi da suna, ina zai amsa?"

"Doka ce, Alhaji."

Alhaji ya dubi rago, ya dubi jama'a. "Gobe ka zo da takardunka."

Malam ya ɗaga hannu. "Fatiha!"