Dalilin da Ya Sa Ƙaro Ya Ƙi Mai

Dalilin da ya sa ƙaro yake narkewa a ruwa, amma ko shekara ya yi a cikin mai ba ya ko laushi, ku matso ku ji, yara. Daga kan wata mata mai suna Yalwa abin ya faro.

A wancan zamani itacen dakwara ba ya fitar da ƙaro. Ruwa ne a jikinsa garai-garai, mai sanyi kamar na randa. Sai dai ba a saransa haka kawai, don akwai mai shi a ciki.

Yalwa mai matsar man gyaɗa ce, mijinta kuwa sunansa Jatau. Wata shekara aka yi fari, rijiyar garinsu ta ƙafe, suka ɗaure kayansu suka nufi garin dangin Jatau. A tsakiyar daji ruwan gorarsu ya ƙare. Da rana ta take, Jatau ya yanke jiki ya faɗi a gindin wata tsohuwar dakwara, leɓunansa duk sun tsage.

Yalwa ta buɗe baki za ta yi kuka, sai ta ji dajin ya yi tsit. Ba tsuntsu, ba iska. Inuwar itacen ce kaɗai ke motsi, alhali ko reshe ɗaya bai kaɗa ba.

Wata murya ta fito daga cikin kututturen, kamar ta tsohuwar da ba ta da haƙori. "'Yar nan, ruwa kike so?"

Yalwa ta durƙusa ta ce, "Ruwa, Kaka. Maigidana zai mutu."

"Tsaga ni ki ba shi. Amma rijiyar da kuka fara tararwa, ki kawo mini ƙwarya guda. Ruwa na ba ki, ruwa za ki kawo."

Yalwa ta ce ta yarda. Ta sa wuƙa ta tsaga ɓawon, ruwa ya ɓulɓulo, ta tara a gora ta ba mijinta. Jatau ya sha har ya ƙoshi, ya miƙe garau kamar ba shi ba.

Da suka isa garin, suka tarar can ma rijiya ta ja baya, kowane gida ƙwarya ɗaya ake ba shi a yini. Yalwa ta karɓo tasu za ta juya daji, Jatau ya tare ƙofa.

"Mu ba mu sha ba, sai itace? Ɗauki tulun manki ki kai mata. Ai mai ya fi ruwa daraja."

"Maigida, ruwa fa ta ce."

"Tsohuwar da ke cikin kututture ina ta san bambanci?"

Yalwa ta ajiye ƙwaryar ta ɗauki tulu. A gindin dakwara ta tuttule man. Ƙasa ta ƙi shan sa, ya kwanta a sama yana ƙyalli. Tana kallo, ruwan da ke tsiyaya daga inda ta tsaga ya yi kauri, ya dunƙule, ya daskare, launinsa kamar zuma.

Muryar ta ce a hankali, "Ba komai, 'yar nan. Na san inda ruwana yake."

Yalwa ta yar da tulu ta sheƙa gida.

Jatau na zaune a bakin ɗaki yadda ta bar shi. Ƙudaje sun manne a guminsa sun kasa tashi. Leɓunansa sun liƙe, hawaye ya daskare masa a kunci kamar duwatsun wuya. Da ta ɗaga hannunsa, sai ta ga hasken rana yana ratsa yatsun. Idanunsa kaɗai ke motsi, suna bin ta.

Ta kwaso ragowar mai ta shafe shi tun daga kai, man ya zame ya zube, bai shiga ba. Sai ta rarumo ƙwaryar ruwan ta ɗiga masa a baki. Leɓunan suka rabu.

"Yalwa," in ji shi.

Don murna ta sheƙa masa sauran gaba ɗaya.

Kafaɗunsa suka fara saki. Ta cafki hannunsa, yatsun suka miƙe a cikin nata, suka zama zarurruka, kowane zare da 'yan rassansa kamar reshen dakwara. Tana ja, yana tsiyayewa. Haka ya kwarara ta ƙarƙashin danga ya nufi daji, busasshiyar ƙasar nan ba ta sha ko ɗigo ba. Ta bi shi tana kira har gindin itacen, a gaban idonta ya shige cikin saiwa.

"Na karɓi abina," in ji muryar. "Ɗan Adam kuma ya gama shan ruwana."

Yalwa ba ta koma gari ba. Ta bi dakwarun dajin ɗaya bayan ɗaya tana tsagawa, ko za ta ga mijinta. Duk inda ta tsaga, sai dunƙule mai launin zuma ya tsattsafo ya tsaya.

Shi ya sa har yau dakwara ba ta ba da ƙaro sosai sai an ji mata ciwo a lokacin rani. Ku jefa shi a mai, zai zauna yadda yake. Ku jefa shi a ruwa, zai narke ya ɓace. In kuwa ya jiƙe a hannunku, sai ya riƙe muku yatsu gam, kamar wanda ake ja ba ya so ya tafi.