Tokar Birki a Randar Wake

Akwai wani makanike a Madarunfa mai suna Shu'aibu, tun zamanin da manyan kamiyo, wato motocin ɗaukar kaya, suka fara yawa a hanyar Maraɗi zuwa Ɗan Issa. Aikinsa birki ne kawai. In kamiyo ya ɗauko lodi har fatar birkinsa ta cinye, wadda direbobi ke kira garnitir, wurinsa ake kawo shi.

Gaskiya ɗaya ce, mutumin ya iya aikinsa. Zai cire tsohuwar fata, ya ɗaura sabuwa, sannan ya kafa ta a bakin injin gurza yana goge ta har ta zauna daidai. Lokacin nan ƙura ke tashi, fara-fara mai laushi kamar garin da aka tankaɗe sau biyu. Ta hau gemunsa, ta hau girarsa, ta shige aljihun rigarsa. Wadda ta maƙale cikin ƙarfe kuma ya sunkuya ya hure ta da baki.

Matsalar Shu'aibu ɗaya: ba a gaya masa. Irin mutanen nan ne da in ka ce musu rana ta fito, sai sun leƙa waje tukuna.

Matarsa Kulu 'yar kawunsa ce, auren zumunci aka yi musu. Yayanta Illo kuwa taubashin Shu'aibu ne, tun suna yara ba su haɗuwa ba tare da sun tsokani juna ba. Illo ya taɓa yin irin wannan aiki a wani gareji can Nijeriya, ya baro shi ya dawo gona.

Wata rana Illo ya biyo ta garejin a kan amalanke, ya tarar da Shu'aibu fari fat kamar an tono shi daga toka. Ya tsaya daga nesa ya ce:

"Shu'aibu, don Allah ka riƙa yayyafa ma abin nan ruwa kahin ka gurza. Ka ɗaure hancinka. Maigidana da ya koya mani aikin ga, numfashi ya gagare shi har ya mutu. Likita ya ce ƙurar birki ce."

Shu'aibu ya kashe injin, ya tuntsire da dariya.

"Kai bawana, wa ya sa ka wa'azi? Tsoron aiki ya koro ka gona, yanzu kana son ka koro ni? Ruwa ɓata mani dutsen gurza yake. Kuma ni kullum sai na sha nono ƙwarya guda, yana wanke ƙirji tas."

"Wallahi ba wasa nike ba."

"Yaushe ka taɓa yin magana ba wasa ba?"

Direbobin da ke zaune a inuwa suka yi ta dariya. Abin da ya cuci Illo ke nan. Tsakanin taubasai kome ka faɗa wasa ne, ko da kuka kake faɗinsa. Ya kaɗa jakinsa ya wuce.

Da ƙurar ta tsaya a gareji, da labarin nan bai kai a ba da shi ba.

A shekarar ne aka yi wake sosai, kuma ƙwaro ya sako shi gaba. Kun san yadda iyayenmu mata ke yi: a tankaɗe tokar murhu, a cakuɗa da wake, a zuba a randa a liƙe baki. Kulu ta yi haka, amma da ta buɗe sai ta tarar da rabin waken ya huje. Ta zauna ta yi tagumi, domin a ciki har da irin shuka.

Shu'aibu ya dubi randar, ya dubi hannun rigarsa, sai dabara ta faɗo masa. Washegari ya share ƙurar da ta taru ƙarƙashin injin, ya cika buhu ya kawo gida.

"Ga toka wadda ta hi taki," in ji shi. "Wagga ko wuta ba ta cin ta. Kamiyo mai lodi take tsaidawa, balle ƙwaron wake."

Kulu ta sa hannu ta ji laushinta. Ta ce, "Maigida, ba ta da illa?"

"Ni da nike shaƙar ta kullum, kin ga na faɗi?"

Ta yarda. Me zai hana ta yarda? Mijinta ne, kuma aikinsa ne.

Ta ɗauko rariya ta tankaɗe ƙurar a cikin ɗaki, ta tura ƙofa don kada iska ta kwashe mata. Ta cakuɗa da wake ta rufe. Ko ƙurar ce ta yi aiki, ko sa'a ce aka ci, Allah masani. Amma da bazara ta zo aka buɗe randa, wake na nan lafiya lau.

Daga nan Shu'aibu ya ƙara samun abin alfahari. A majalisa, a kasuwa, ko a wurin suna, sai ya kawo zancen tokar birki. Maƙwabta suka fara aiko da ƙwarya a sam musu. Yana bayarwa kyauta, yana jin kansa kamar mai rabon zakka.

Kulu kuwa aiki ya ƙaru mata. Kowace kaka ita ke tankaɗe. Duk ranar da za a dafa wake ita ke bakace shi a faifai, ƙurar na tashi tana komowa fuskarta. Kowace yamma ita ke kakkaɓe rigar aikinsa a jikin garu kafin ta wanke. Takan yi ɗan tari, ta goge ido da bakin zane, ta ci gaba. Nonon da ake cewa yana wanke ƙirji, ita ke dama masa fura da shi, ta ajiye masa nasa, ita ta sha abin da ya rage.

Da Illo ya ji labari, ya zo har gida ransa a ɓace.

"Naka ƙirji naka ne, ka yi yadda ka so da shi. Amma ƙanwata mi ta yi maka?"

Shu'aibu ya ce, "Kulu, ba bawan ga wake ya ci, yunwa ce ke sa shi surutu."

Kulu ta yi murmushi ta shige madafa. Ba ta son ta shiga tsakanin miji da yaya. Illo bai ci waken ba, ya tashi ya fita. Bayan haka ya rage zuwa gidan.

Abin da ya sa wannan ƙura ta fi maciji sharri shi ne ba ta sara nan take. Shekara ta bi shekara, babu abin da ya faru. Suka haifi 'ya'ya, suka aurar da wasu. Gemun Shu'aibu ya yi fari na gaskiya, ba na ƙura ba. Duk sanda suka haɗu da Illo a jana'iza ko ɗaurin aure, sai ya bugi ƙirji ya ce, "Har yanzu ban mutu ba hwa."

Shekara ashirin da ɗoriya ana haka, sai Kulu ta fara gajiya. Da farko tulun ruwa ne ya fara yi mata nauyi. Daga baya ko shara ta yi sai ta dafa garu ta huta. Tari busasshe ya kama ta, gefen ƙirjinta na suka. Aka ce sanyi ne, aka jiƙa saiwa. Aka ce tarin fuka ne, aka sha magani wata da watanni. Kulu sai ramewa take yi.

Ranar da ta kasa idar da sallar la'asar a tsaye, Shu'aibu ya nemi mota ya kai ta asibiti Maraɗi. Illo ya bi su ba tare da an kira shi ba.

Aka ɗauki hoton ƙirji, aka zuƙe ruwan da ya taru a ciki, aka yi gwaje-gwaje. Likita ya kira mazan biyu gefe. Ya tambaya ko matar ta taɓa aiki a masana'anta.

Shu'aibu ya ce, "Ina! Ko kasuwa ba ta zuwa. Ni ɗai ke aiki, gyaran birkin kamiyo."

Likita ya ajiye abin da ke hannunsa. Ya ce fatar birki irin ta wancan zamani ana yin ta da wani abu da ake kira amiyant. In an gurza shi, yana tashi kamar ƙananan allurai da ido ba ya gani. In suka shiga huhu ba su fita, ko an sha nono, ko an sha zuma. Sai su kwanta shekaru kafin su tada ciwo. Sannan ya tambaya:

"Ita ke wanke maka kayan aiki?"

"Ita ce."

"Akwai wata hanya kuma da take haɗuwa da ƙurar?"

Shu'aibu ya juya ya dubi Illo. Yana jira ya ji "ban gaya maka ba?" Da Illo ya faɗa, da ya fi masa sauƙi. Amma Illo ƙasa kawai yake kallo, hawaye na bin gemunsa. Shu'aibu da bakinsa ya ba likita labarin rariya da randa da ƙofar da ake turawa.

Likita ya ce ciwon ya yi nisa. Za su ba da abin rage zafi, sauran sai addu'a. Shi ma Shu'aibu aka duba shi, aka ga tabo a huhunsa, amma yana nan da ƙarfinsa.

Hausawa na cewa tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. Wannan karon ba haka aka yi ba. Shi ya ja ruwan, ita ya doka.

Suka dawo da ita gida. Shu'aibu ya rufe gareji, ya tare a bakin gadonta yana yi mata fifita. Wata rana da hantsi ya kasa daurewa, ya kama hannunta.

"Kulu, kin tambaye ni ko tana da illa. Na ce maki babu. Ban sani ba, kuma an gaya mani na ƙi ji. Ki yahe mani."

Ta daɗe tana tattara numfashi kafin ta amsa.

"Na yahe maka duniya da lahira, Maigida. Ai don kada wakena ya lalace ka kawo." Ta huta, sannan ta ƙara da cewa, "Amma Asma'u... ni na koya mata. Buhu guda na ba ta ranar da ta tare."

Asma'u 'yar autarsu ce, tana aure a Safo, da goyo a bayanta. Kuma lokacin kaka ne, an gama roron wake.

Shu'aibu bai tsaya neman hula ba. Ya fita ya tari mai babur. Da ya isa gidan, ko sallama bai idar ba ya hango ƙofar ɗaki a ture, ya ji ƙarar rariya daga ciki. Ya banka ƙofar. Asma'u na durƙushe ta kwance bakin buhu, ta zuba awon farko, jaririn na barci a bayanta.

"Aje! Aje shi, ɗiyata! Hito waje!"

Ta firgita ta ce, "Baba, lahiya? Tokarka ce hwa. Kai ka ce ta hi ta kowa."

Ya janye ta waje, ya ɗauki tulun ruwa ya juye a kan buhun da rariyar har suka zama taɓo. Ya nemi hauya ya haƙa rami mai zurfi bayan gida, ya binne su. Sai da ya gama ya zauna a ƙasa ya yi kuka irin wanda 'yarsa ba ta taɓa ganin ya yi ba.

Kulu ta rasu kafin damina ta zagayo.

Bayan an share makoki, mutanen gari suka fara ganin wani abu. Kowace safiya Shu'aibu na fita da tulun ruwa a amalanken Illo, Illo na riƙe da jaki. Gida-gida suke bi, duk inda ya san ya taɓa ba da ƙwarya guda ta tokar birki. A ƙofar kowane gida zai tsaya ya ce, "Ni na ba ku, kuma kuskure na yi. Ku hiddo ta." In an fito da ita ya jiƙa ta da ruwa ya binne, daga nan su wuce garejin masu birki, ya roƙe su su daina hurewa da baki, su jiƙa ƙura kafin su share, su rufe hanci da takunkumin da aka yi don haka, kuma kada su kai rigar aiki gida.

Wasu sun ji. Wasu matasan makanikai kuwa dariya suka yi masa, ɗaya har ya bugi ƙirji ya ce shi nono yake sha. Shu'aibu ya tsaya yana kallonsa, domin muryarsa ce ya ji a bakin wani.

Illo ne ya matso ya dafa kafaɗar saurayin ya ce, "Kana da mata?"

Ya ce, "Ina da."

"Wa ke wanke maka rigar ga?"

Saurayin ya dubi rigarsa, bai ƙara dariya ba.

Darasi: In an ba ka shawara, kada ka dubi bakin da ta fito, ko na abokin wasa ne. Taurin kanka ba kai kaɗai yake ci ba, sau da yawa wanda ya fi yarda da kai shi ke biyan kuɗinsa. Ƙurar birki ba ta wankuwa da nono, kuma ba ta tsayawa a gareji, tana bin riga har cikin ɗaki. Ku tura wannan labari ga duk makaniken da kuka sani, ku karanta wa matarsa ma. Allah Ya jiƙan irin su Kulu, Ya ba mu kunnen jin gaskiya tun tana da amfani.