Beyar Ba Ta San Igiya Ba

Akwai wani makiyayi a wata ƙasa mai duwatsu da tsananin sanyi. A kogon dutsen da ke bisa garinsu akwai beyar, wata ƙatuwar dabba mai jan gashi da manyan farata. In sanyi ya kama, takan shige kogo ta yi barci wata da watanni.

Mutanen garin suna da igiyar gado mai ƙulli ɗari da ashirin. Ranar da beyar ta kwanta sukan ƙuƙƙulle igiyar, kowace safiya su kwance ƙulli ɗaya. Muddin da sauran ƙulli, tumaki na kiwo a gindin dutsen hankali kwance.

Wata shekara ɗumi ya yi sammako. Saura ƙulli talatin, sai makiyayin ya ga ƙanƙara ta narke, rafi na gudu, itatuwa sun yi toho. Gabansa ya faɗi, gama tumakinsa sun haihu, 'yan ragunan ko gudu ba su iya ba. Da ya faɗa wa dattawa, yayansa ya ɗaga igiyar ya tambaye shi ko ya fi kakanni sani ne.

Ya ce, “Yaya, beyar ba ta san igiyarmu ba. Ɗumi ne ke tashe ta.”

Aka yi masa dariya. Bai ja da kowa ba, ya shiga jidar duwatsu yana gina shinge mai tsawo, mai faɗin gaske. Masu wucewa suna tsokanarsa, wai birni yake gina wa tumaki ashirin. Abin ya yi masa zafi, amma bai rage faɗin ba.

A rana ta bakwai da hantsi, ya hango beyar tana gangarowa, ta rame, yunwa na cinta. Ya busa ƙaho da iyakar ƙarfinsa. Nan fa masu dariya suka kwaso tumakinsu a guje, ba wanda ya tsaya duba igiya. Shingen ya ɗauke su duka, aka ja ƙyaure. Beyar ta kewaya, ta yaƙushi dutse har ta gaji, ta juya da yunwarta.

Aka ƙirga, ko ɗan rago ɗaya bai ɓata ba. Gari ya ɗauki guɗa, makiyayin ya yi murna har da hawaye. Yayansa kuwa ya kawo igiyar nan da sauran ƙullinta, ya ɗaure ƙyauren da ita.

Ma'anar wannan misali ita ce, beyar ita ce jaraba, igiyar kuwa lissafinmu ne da ke cewa da sauran lokaci. Jaraba ba ta duba lissafin kowa. Shingen shi ne addu'a da Maganar Allah, a gina shi tun yau, ko da ana dariya. Kuma 'yan'uwa, ku gina da faɗi, gama mai yi muku dariya yau, gobe shi ma zai nemi wurin shiga.